Mai Kifin Shafi na Tamanin da Huɗu

Shekara goma sha huɗu ke nan ina cin abinci da kalma guda. Littafina yana ɗauke da kalmomi dubu uku, kuma ban ce sauran ba su da amfani ba, amma in ka tare wani ma'aikacin gidan waya ko na ofishin haraji da ya taɓa zama a ajina a unguwar Noryangjin ta birnin Seoul, ka ce masa Malam Pyo, ba fuskata zai tuna ba. Zai toshe hanci, ya yi dariya, ya ce, "Mai kifi."

Turanci nake koya wa masu shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ba Turancin magana ba. Babu wanda ya taɓa fita daga hannuna ya iya tambayar hanyar banɗaki a ƙasar waje. Kalmomi nake ɗura musu, hamsin kullum, su juye a takarda ranar jarrabawa, su manta kafin sakamako ya fito. Dabarata ita ce duk kalmar da ke zillewa sai in ɗaure ta da labari. Kalmar *disgust*, wato ƙyama, tana cikin darasin rana ta goma sha bakwai, kuma labarinta ne ya sa aka san ni.

Ga yadda nake yi. Sai in naɗe hannun riga, in ranƙwafa, in karya harshe irin na mutanen kudu, in zama wata tsohuwa mai sayar da hongo a kasuwa. Hongo shi ne kifin nan mai faɗi kamar faifai da ake rufewa a tulu da karan shinkafa har sai ya yi warin da ke sa ƙaton mutum hawaye. Tsohuwar tana kiran masu wucewa, tana cewa ɗan samari zo ka saya, tana goge hannu a rigar aikinta, sai ta ga wani yaro, ta miƙa hannu ta shafa masa kai. Daga nan sai in juya in zama yaron: in sandare, in kumbura kumatu, in dafe ciki. Mutum ɗari uku, waɗanda rabonsu da dariya wata shida, su kwashe gaba ɗaya. A littafin, shafi na tamanin da huɗu, akwai zanenta, da jimla a ƙasa da Turanci da fassararta da Koriyanci: *Warin hannun mai kifin ya sa shi ƙyama.* Mai zanen ya yi aiki mai kyau. Har tawadar Allah da ke gefen hancinta bai manta ba, domin hoto na ba shi, na ce a intanet na tsince shi.

Matar mahaifiyata ce. Sunanta Yom Bok-rye, shekararta arba'in da bakwai tana yanka hongo a garinmu Naju, can kudu, kuma kifin nan ne ya kai ni jami'a na karanta adabin Ingilishi, inda cikin zango ɗaya na kankare harshen garinmu daga bakina tas. Na gudu daga kasuwar kifi, na yi digiri biyu, na zo na kama aiki a unguwar da babbar kasuwar kifin Seoul take, tsallaken titi kawai. Yaron da ake shafa wa kai kuwa ba sai na faɗi ko wane ne ba.

Ban taɓa tsoron za ta gani ba. Lokacin da aka buga littafin ko sunanta ba ta iya karantawa, kuma na ɗauki wannan a matsayin abin da ba zai canza ba, kamar tsayin mutum. Tana da shekara saba'in da ɗaya ta shiga ajin yaƙi da jahilci a cibiyar tsofaffi ta unguwarsu. Na aika mata da furanni. Bayan shekara uku ta koma ajin baƙaƙen Turanci, wai don ta iya karanta sunan benen da nake zaune, wanda kamar kowane bene a Seoul sunan Turawa aka laƙaba masa. Mutane na cewa don kada surukai su gane hanya ake yin haka. Na sake aika furanni. Nakan yi alfahari da kaina wajen aika furanni.

Wata Talata cikin kaka ta kira ni ina tsakanin aji biyu. Ta tambaya ko na ci abinci, ba ta jira amsa ba, ta ce ranar Asabar in zo Naju, ajinsu ya sauke littafi, za su yi walimar wanke littafi, kuma an ce marubucin ya halarta.

Na ce, "Littafin wa, Omma?"

"Naka mana. Muna da wani marubucin ne a dangi?"

Ashe tun bazara ta sayi guda goma sha biyu ta raba wa 'yan ajinsu, ta ce ba za a ce ɗanta yana koyar da rabin Seoul ba, su kuma suna nan suna karanta littafin baƙo. Malamarsu ta ce littafin ya fi ƙarfinsu, aka yi ta ja-in-ja, aka daidaita a kan za su yi shafukan da ke da zane kawai, biyu a mako. Zane arba'in ne a littafin. Na san lambar kowanne.

"Duk masu zanen kuka yi?"

"Duk. Ka zo da yunwa."

Kowa ya san in aji ya gama littafi ɗalibai kan kawo wa malami curin shinkafa mai riɗi a ciki, a ci a yi murna. Ban taɓa jin an gayyaci wanda ya rubuta littafin ba, amma kuma yawancin marubuta uwayensu ba sa cikin ajin.

Kwana uku na yi ina duba jikina ko akwai wata cuta da za ta taimake ni. Lafiyata ƙalau. Ranar Asabar da safe na shiga jirgin ƙasa mai gudu, kuma cikin awa biyun nan na tsara kariyata kamar lauyan da aka biya da kyau. Wataƙila ba ta gane kanta a zanen ba. Tsofaffi ba su cika kallon madubi ba. In ta gane, jimlar ba ta kama sunan kowa ba. In ta matsa, zan ce duk marubutan duniya daga gidajensu suke sata, kuma ina da sunayen Turawa biyar da zan jera mata. Da muka wuce tashar Iksan na lura ina maimaita sunayen a ƙasa-ƙasa, matar da ke kusa da ni kuma ta janye jakarta.

Ajin yana bene na biyu, saman wurin motsa jiki. Tun daga matattakala warin ya tarye ni, ya shiga hanci ya zarce ƙwaƙwalwa kamar ya san hanya. Tsofaffin mata goma sha ɗaya ne, da wani tsoho guda da ke barci a kujerar baya, wanda daga baya na ji mijin ɗayarsu ne, ana zuwa da shi don kada a bar shi da murhu. Sun rataya kyalle mai ɗauke da hotona na shekara goma da suka wuce, lokacin ina da gashi. An haɗa tebura an jera curin shinkafa, da kimchi, wato kabejin da ake tsumawa da barkono, da butocin giyar shinkafa, a tsakiya kuma babban faranti na hongo da aka yanka siriri-siriri. Yankan mahaifiyata ne. Daga ƙofa na gane.

Goggo Mal-sun ce ta fara cafke ni. Rumfarta tana jikin tamu tun ina ƙarami, kuma ita da mahaifiyata aminai ne irin waɗanda ba sa bari ɗaya ta juya baya.

"A'a, Sang-gil. Ga tumbi, ga sanƙo. Lallai Seoul ta biya ka." Ta juya ga sauran. "Wannan da kuke gani da ƙulla wuya, ni na sha wanke masa gindi."

Na rusuna na gaishe ta, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina rusunawa har bayana ya ƙage. Mahaifiyata tana can tana gyara farantai cikin rigar da take sawa zuwa biki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na rame, Goggo Mal-sun ta ce to ta je a duba mata ido. Malamar ajin, Malama Chu, mace ce da ba ta wuce talatin da biyar ba. Ta gaishe ni da cikakken ladabi, irin wanda ake yi wa mutumin da ba a so a sake gani.

Sai na ga bangon. Tun muna yara haka muke haddace kalma: a ɗauki takarda a yi ta rubuta ta, layi kan layi, a tsaye da a kwance, har sai farin ya ɓace takardar ta yi baƙi. Malamai kan ba da shi horo, iyaye kan ɗauke shi shaidar ƙoƙari. Ni kaina a gabatarwar littafina na ce tsohuwar hanya ce mara amfani, amma gabatarwar ba ta da zane. Kowace tsohuwa ta zaɓi jimla guda ta baƙanta takarda da ita, aka liƙa a bango da suna a ƙasa. Yawancinsu takardar littafin rubutu ce. Ta mahaifiyata bayan kalanda ce, babba, irin wadda kantin taki ke rabawa. Na matsa kusa. Da fensir ta yi, tana dannawa har takardar ta lotsa. Ta rubuta jimlar Turancin, a ƙarƙashinta fassarar, sannan Turancin kuma, sannan fassarar, kamar yadda yake a littafin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na fara ƙirgawa, na bari a wajen sittin, ban kai kwata ba.

"Har ɗaya fuskar ma ta cika," in ji Malama Chu a kafaɗata. "Mako uku ta yi."

Aka zauna. Tsarin shi ne kowace ta tashi ta karanta jimlarta da ka, da Turanci, sannan ta faɗi ma'ana. Aka sa ni a kujerar gaba, aka manna min fure a ƙirji. Wata ta karanta wadda ke cewa alƙali ya yi watsi da ƙarar, wata ta manta tata a tsakiya ta koma farko sau uku, ana tafa mata kowane karo. Goggo Mal-sun ta zaɓi wadda ke cewa kyanwar ko a jikinta da dawowar mai gidan, ta ƙara da cewa ita ma haka ta yi da nata shekara hamsin, kuma ya fi kyanwa ci. Na yi dariya inda ya kamata.

Mahaifiyata ce ta ƙarshe. Ta tashi, ta gyara riga, ta haɗa hannuwa a gaba kamar 'yar firamare. Ta karanta jimlar ba tuntuɓe ko ɗaya, kuma a matsayina na malami dole in ce ta fi yawancin ɗalibaina fitar da baƙaƙen. Sannan ta faɗi ma'anar da Koriyanci, da ƙarfi, da harshen garinmu. Ta ɗauki littafin ta buɗe shafin, ta ɗaga shi kusa da fuskarta, ta juya dama da hagu don kowa ya gani.

"Wannan ni ce," in ji ta. "Ɗana ya sa ni a littafi. An buga shi sau goma sha tara."

Aka tafa, har tsohon baya ya farka ya tafa. Ashe duk sun sani tun tuni. Tun ranar da suka kai shafin suke kiranta mai shiga littafi. Goggo Mal-sun ta ce ita da ta shekara arba'in da ɗoriya tana yanka kifi a gefenta ko ɗan yatsanta ba a zana ba, nata 'ya'yan sai dai su sa ta a takardar asibiti. Na duba fuskar mahaifiyata ina neman wani abu, ban ga komai ba sai murmushin da take yi wa mai saye da yawa. Wani sanyi ya fara sauko min. Na ce a raina ashe abin da sauƙi: ba ta ɗauke shi da zafi ba, tsofaffi fatarsu da kauri, ni ne da karatuna nake ƙirƙirar damuwa. Malama Chu kaɗai ce ba ta tafa ba. Tana gyara wasu takardu da ba sa bukatar gyara.

Aka ce marubuci ya yi jawabi. Na yi minti goma sha biyar a kan cewa neman ilimi ba shi da shekaru, na kawo misalin wani Bature da ban tabbata ya taɓa rayuwa ba. Da na gama aka miƙo min yankan hongo na farko, na jefa a baki a gabansu, ya buge ni a hanci, hawaye suka zubo. Suka ji daɗi ƙwarai, suka ce har yanzu ɗan gida ne.

Ina tsakiyar taunawa Goggo Mal-sun ta buga tebur da cokali.

"To, Malam, tunda ga ka, raba mana gardama. Shi ɗin nan da warin ya dama, wane ne?"

Ashe mako shida suna musu a kai. Wasu sun ce jami'in duba-gari ne da ya addabi kasuwar a wani zamani. Wata ta ce marigayi mahaifina ne, aka ce a'a, shi ai ya fi kifin wari. Goggo Mal-sun tun farko ta tsaya a kan cewa baƙo ne, don babu ɗan Naju da zai yi wa hongo wannan fuskar. Duk suka zuba min ido. Mahaifiyata tana zuba wa wata giya, ta dakata da butar a hannu.

Na haɗiye. Na ce wani ɗan yawon buɗe ido ne da na taɓa gani a rumfarmu ina ɗalibi, mai kyamara a wuya. Har na ƙara masa farar hula.

"Ban faɗa muku ba?" in ji Goggo Mal-sun. Aka yi ta zagin mai farar hula da danginsa, aka ce Allah ya sa har yanzu warin na bin sa. Mahaifiyata ta ƙarasa zuba giyar.

Da aka watse ina saukowa da kwalin ragowar curi, Malama Chu ta tsayar da ni a kan matattakala. Ta ce tana so in sani cewa tsofaffin sun ji ana samun darussana a intanet, sun matsa a nuna musu na rana ta goma sha bakwai a babban allo, ita kuma ta ce musu na'urar ta lalace. Na fara godiya, ta katse ni. Ta ce shekara tara da suka wuce ta zauna a ajina, layi na huɗu. Sau uku tana faɗuwa jarrabawar kafin ta haƙura ta dawo gida. Mahaifiyarta ma a kasuwar nan take, ɓangaren kayan miya.

"Na yi dariya ranar, Malam, har da riƙe ciki. Kuma har yau ban manta kalmar ba. Dabararka tana aiki."

Na ce na gode.

"Na'urarmu ce kawai ta lalace," in ji ta. "Wayar mahaifiyarka lafiyarta ƙalau. Ni na koya mata yadda ake nemo abu."

Gidanmu yana bayan rumfar, ɗaki biyu da tsakar gida mai tuluna. Jirgina sai ƙarfe biyar, ita kuma ta ce abin da aka ci a walima ba abinci ba ne, don haka ƙarfe uku ina zaune a ƙasa gaban ƙaramin tebur, ta sauya riga, tana jera min shinkafa da miya da ƙananan kwanuka. Ta kawo kimchi ɗungurungum, kan kabeji guda ba a yanka ba. Tun da na yi wayo da yatsu take yago min shi, tsiri-tsiri, ta ɗora a kan shinkafar da ke cokalina, ta lashe yatsun. Ta ce wuƙa tana kashe masa daɗi. Ina da shekara hamsin da uku bara ma haka ta yi. Yau sai ta miƙa hannu bayanta ta jawo wani sabon kwali, ta zaro safar hannu ta leda, irin ta masu sayar da abinci, ta hura ta ta buɗe, ta zura hannun dama. Sannan ta yago ganyen ta ɗora min.

Na ce mene ne wannan. Ta ce haka ake yi yanzu, an ce ya fi tsafta.

Na ci cokali ɗaya. Ledar tana ƙara duk lokacin da ta motsa yatsu. Na ci na biyu. Sunayen Turawan nan biyar suna nan a kaina a jere, ban ga inda zan sa ko ɗaya ba.

"Omma, babu wani mai farar hula."

"Na sani."

Ta ci gaba da yagar ganye. Ta ce ta kalli darasin sau huɗu a wayarta, a nan inda nake zaune. Ranƙwafawar na yi ta daidai, goge hannun ma haka, amma kiran masu saye ba nata ba ne, na Mal-sun ne. Ita ba ta taɓa kiran kowa ɗan samari ba. Ta faɗi haka kamar mai duba aikin ɗalibi. Sannan ta ce tana tuna ranar. Ina aji biyar, na manta kwanon abincina, ta bar rumfa ta kai min ƙofar makaranta, ta shafa min kai a gaban abokaina. Da ta juya ba ta tafi ba, ta tsaya bayan wata motar kaya tana ɗaure takalmi, ta ga na je famfon tsakar makaranta na sa kaina a ƙarƙashi. Watan Disamba ne. Na yi kwana goma ina mura, ita ta yi jinyata.

Ni a iya sanina babu wanda ya gan ni. Shekara arba'in da biyu ina riƙe da wannan a matsayin sirrina, har na sayar da shi ga mutum dubu nawa ban sani ba, ban taɓa kawowa ita ma tana da nata kason ba.

"To me ya sa kika zaɓi jimlar? Me ya sa kika tashi a gabansu?"

Ta dube ni yadda take duban mai taya kifi da rainin hankali.

"Kai da karatunka. Ranar da muka buɗe shafin, Mal-sun ta kalli zanen, ta kalle ni, ta yi shiru. Ka taɓa jin Mal-sun ta yi shiru? Da na bar shi haka, kafin yamma duk kasuwa ta ji cewa ɗan Bok-rye yana ƙyamar uwarsa, har ya buga a littafi. Sai na riga ta. Na ce ku duba, ɗana ya sa ni a littafi. Na baƙanta kalanda don kada wata ta ce ina gudun shafin." Ta ɗora min wani tsirin. "Mai farar hular ma bai yi laifi ba. Na ji tsoron za ka tsaya kana inda-inda."

Na ajiye cokali. Na gyara zama na durƙusa sosai, gwiwoyina suka yi ƙara, na fara wata doguwar magana da na san tun daga jimlar farko cewa ta yi kama da jawabi. Ta bar ni na kai tsakiya. Na ce gobe-gobe zan kira masu buga littafin a cire shafin, a sauke darasin daga intanet, in kuma tana so zan je gaban 'yan ajinsu in faɗi gaskiya.

"Kada ka soma," in ji ta. "Na rufa mana asiri da ƙyar, za ka zo ka yaye don kai ka ji sanyi. In ka cire shafin, me zan ce musu? Za su san akwai abin kunya a ciki. Yana nan inda yake. In an sake bugawa ka aiko min da guda, Mal-sun tana lura da lambar bugun."

Na ce to darasin fa, wanda nake yi a aji. Ta ce wannan aikina ne, ita ba ta taɓa gaya min yadda zan yi aikina ba, ni ma ban taɓa gaya mata yadda za ta yanka kifi ba. Abu ɗaya kawai: a zanen an sa ta riƙe wuƙa kamar mai yanka albasa, in da hali a gyara, don duk wanda ya san sana'ar zai yi mata dariya.

Na ce za a gyara. Na koma na zauna, domin durƙuson ya fara yi min ciwo kuma ba ta ce in tashi ba, ba ta ce in ci gaba ba. Miyar ta huce. A waje wani yana jan tulu a kan siminti.

"Omma, cire safar nan."

"Ci abincinka, jirgi ba ya jira."

"Don Allah."

"Guda ɗari ne a kwalin," in ji ta. "Ba zan zubar ba."

Ta yago wani ganyen, ta naɗe shi da yatsun leda, ta riƙe a sama tana jiran in ɗebo shinkafa. Na ɗebo. Ta ɗora, ta danna shi kaɗan don kada ya zame, na kai baki. Haka muka yi har kwanon ya ƙare, sannan ta tashi ta ƙaro min wata shinkafar ba tare da ta tambaye ni ba.